'Yan gaban goshi a ƙungiyar agaji

'Yar'uwa, kin ce shekara biyu kina aiki a wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, amma duk tafiyar horo zuwa Abuja da alawus ɗinta mutum uku ne kullum, 'yan gaban goshin oga, ke kuma ana barin ki da rabon kayan abinci a Monguno. Kina tambaya ko ki kai ƙara.

Na ɗanɗana irin wannan. A inda na taɓa aiki, an buga guraben ƙarin girma, muka cike takardu, ashe an riga an zaɓi ƙanin matar manaja tun kafin a liƙa sanarwa. Abin da ke ɗaure mana baki shi ne kwantiragi: wata shida ko shekara, ya danganta da kuɗin masu tallafi. Wanda ya yi magana ba a korarsa, sai dai a ƙi sabunta masa, shi ke nan.

Don haka kada ki tafi da baki kawai. Ki riƙa rubuta ranar kowace tafiya da wanda aka tura, ki ajiye imel. Ki nemi ƙa'idar zaɓen masu halartar horo a rubuce. Manyan ƙungiyoyi galibi suna da layin kai koke na sirri da ke zuwa hedikwata kai tsaye, ba ta hannun ogan ba. Shi za ki bi, musamman in dangantaka ta shiga ɗaukar aiki, don masu ba da kuɗi ba sa wasa da hakan. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan, tana kuma sauraron ƙarar da ta shafi albashi, kwantiragi ko nuna wariya a wurin aiki.