Tambayi Likita: Batirin Carbi, Ruwan Zafi Da Wayar Caja

Salamu alaikum likita. Na tsinci carbin yatsa irin na lantarki a buɗe babu batiri, ina kuma zargin ɗana mai shekara biyu. Yana ta wasansa lafiya lau. In jira in gani ko zai fito a kashi? — Wata uwa daga Makka

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki jira, ki kai shi sashen gaggawa yanzu a ɗauki hoton ƙirji. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓallin riga idan ya maƙale a bututun abinci, yawu ne ke haɗa wutarsa, sai ya fitar da sinadari irin soda mai cin nama. Cikin awa 2 yana iya yin mummunar ƙuna, alhali yaro bai nuna komai ba, ko kuma sai ɗan dalalar yawu, tari da ƙin abinci, a ɗauka mura ce.

Tunda ya wuce shekara ɗaya, idan yana iya haɗiya kuma abin bai kai awa 12 ba, ki ba shi zuma ƙaramin cokali biyu, wato mililita 10, duk bayan minti 10, kada ya wuce sau 6. A mota za ki ba shi, ba a tsayawa neman zuma. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma sam. Kada a sa shi amai, kada a ba shi abinci. A duba hanci da kunne ma, yara na cusa shi can.

Mafi haɗari shi ne mai faɗin nan na makullin mota da sikelin gwada nauyi. Duk abin da murfin batirinsa ba shi da ƙusa, a naɗe shi da salatif ko a ɗauke shi sama. Batirin da ya mutu ma yana ƙonawa.

Likita, 'yata ta buɗe famfon banɗaki ruwan sahhana, wato na'urar dumama ruwa, ya ƙone mata hannu. Kakarta ta shafa man goge baki. Daidai ne? — Wani uba daga Jidda

Malam, Allah ya ba ta lafiya, amma man goge baki ba magani ba ne, haka ƙwai da ƙanƙara. Ana sa wurin a ruwa mai sanyi-sanyi yana gudana har minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin hannu ya kumbura, a rufe da ledar rufe abinci mai tsabta, ba tare da ɗaurewa tamau ba. Kada a fasa bororo. Ƙunar hannu, fuska, al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun yaron girma, ta asibiti ce, don haka ka kai ta.

Ka sa mai gyara ya mayar da sahhanar digiri 50. A digiri 60 fatar yaro kan ƙone cikin 'yan sakan. Da zafin bazara kuwa, ko famfon sanyi ba abin yarda ba ne, domin tankin da ke saman bene rana ta dafa shi. A tara ruwan wanka a bokiti, a gwada da gwiwar hannu, a kuma zubar da shi da an gama.

Yarona ya tauna wayar caja tana jone, gefen bakinsa ya yi fari. Ba jini. — Wata uwa daga Madina

Ki kai shi a duba yau, ko da yana cin abinci. Irin wannan ƙunar takan yaudari iyaye: bayan mako ɗaya zuwa biyu ɓawon kan faɗi, jijiyar leɓe ta ɓalle da jini. In hakan ta faru, ki matse leɓen da yatsu biyu, ciki da waje, da ƙyalle mai tsabta, ki kira motar asibiti a 997.

Wutar gidajen nan ta kai bolt 230. Idan ta riƙe yaro, kada ki cafke shi da hannu. Ki kashe babban makunni, ko ki ture wayar da busasshen itace. Don neman shawarar likita ta waya, akwai lambar Ma'aikatar Lafiya, 937.