Miliyan uku a kan maganar ƙanin mata

Wani mai sayar da shinkafa da man girki a babbar kasuwar Maraɗi ya rubuto: "Ƙanin matata da ke Kotono ya ce akwai garin gansakuka, sifirulina, wanda aka gano yana kwantar da kumburin da ke kashe masu cutar numfashi mai tsanani irin korona. Ya ce in turo miliyan 3 na sefa ya yi mani lodi, ribar ninki biyu ce. Na riga na tura miliyan 1. In cika sauran?"

Alhaji, kada ka ƙara ko dala.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda ka ambaci takarda, ban gani ba. Babu sunan kamfanin da ya yi kayan, babu rasit, babu shaida, ba ka ma faɗi nawa ne rabon shi ƙanin matar taka a ciki ba. Kai da ba ka karɓar buhun shinkafa sai ka soka masa ƙarfe ka murza ƙwayar a tafin hannu, ka saki miliyan guda a kan muryar waya. Da wani ɗan Jibiya ne ya zo maka da wannan zance, da ka yi masa tambaya goma kafin ka taɓa aljihu. Surukuta ce ta rufe maka baki, kuma ita ce kuskurenka.

Maganar da ya kawo maka tana da tushe, shi ya sa ta shige ka. Idan ƙwayar cuta ta yi tsanani, garkuwar jiki takan wuce gona da iri, ta yi ta zubo sinadaran da ake kira sayitokin har huhu ya cika da ruwa. Masu bincike suna neman abin da zai kwantar da wannan tarzoma, kuma sun duba gansakuka: fikosiyanin, shuɗin launin da ke cikin sifirulina, da fukoidan na ciyawar teku. A ɗakin gwaji da jikin ɓeraye an ga alamar suna rage wasu sinadaran kumburi. To amma daga ɓera zuwa mutumin da ke kwance da robar iska a hanci tafiya ce mai nisa. Dubi yadda aka tabbatar da deksametazon, wani magani mai danne garkuwar jiki ya rage kumburi. A Ingila aka gwada, ƙarƙashin Jami'ar Oxford, da marasa lafiya sama da 6,000, kuma a watan Yuni na 2020 aka sanar ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke yi wa numfashi. Waɗanda ba su kai ga buƙatar iska ba kuwa, bai amfane su ba. Ka ga danne garkuwar jiki aikin lokotoro ne da ke tsaye a kan mara lafiya, ya san lokacin da ya dace. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wani sinadarin gansakuka cikin magungunan korona da ta amince da su ba.

To wa zai saya? Wanda ciwonsa ya kai wannan matsayi yana gadon likita, ba ya yawo a kasuwa. Wanda zai zo shagonka shi ne ɗan'uwansa da ya rikice, ya sayar da akuya, ya ji an ce akwai magani. Idan ka miƙa masa gwangwani ya koma gida da shi maimakon ya kai mara lafiyar likita, wannan nauyi yana wuyanka. Ga kuma hukuma: abin da aka kira magani ba ya shiga ƙasa ko kanti sai da izinin ma'aikatar kiwon lafiya, kuma ƴan duwan suna da ikon riƙe kayan.

A 2020, lokacin da shugaban Madagaska ya fito da ruwan tazargade yana cewa maganin korona ne, kasuwa ta cika da kwalabe iri-iri masu irin wannan kirari. Wani abokin huldata ya kwashe jarin takin zamaninsa ya ba wansa ya sayo masa. Wata biyu zancen ya mutu. Na shiga ɗakin ajiyarsa na tarar da katan-katan har rufi, ƙura ta rufe su, ruwan ciki ya sake launi. Damina ta zo ba shi da kuɗin taki, abokan cinikinsa suka koma maƙwabta. Da ya nemi wansa ya ɗauki rabin asarar, sai aka ce ina shaida. Har yau ko a wurin suna ba sa zama tabarma ɗaya.

Ribar ninki biyu kuwa, na gaji da jin ta. Miliyan 3 a shinkafa, ko da biyar cikin ɗari kake samu, jika 150 ne a kowane juyi, kuma ka san mai saye da sunansa. Wancan kayan kuma zafi da haske suna lalata shuɗin launinsa. Ka tuna yadda shagon kwano yake a watan Afrilu.

Ita sifirulina ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Matan Kanem a Cadi sun daɗe suna kwashe ta daga tafkunan kanwa, su shanya, su sa a miya, suna kiranta dihe. Abinci ce mai gina jiki, sayar da ita a matsayin abinci halal ne, muddin an gwada an tabbatar ba ta ɗauke da dafi ko dalma, domin tana zuƙar abin da ke cikin ruwan da ta tsiro.

Yau ka kira ƙanin matarka a gaban dattijo ɗaya daga danginta. Idan bai sayi kayan ba, ya maido kuɗin. Idan ya saya, ya turo rasit da takardar gwaji, a rubuta miliyan ɗin da sunan wanda ke ɗauke da asara, ku biyu ku sa hannu. Uwargida ta ji daga bakinka kafin ta ji daga nasa.