Na tsinci ɗan tsuntsu a ƙarƙashin bishiya, ko uwarsa za ta sake karɓarsa?

Tambaya: Malam, jiya da yamma na tsinci ɗan tsuntsu a ƙarƙashin bishiya, ƙirjinsa dabbare-dabbare, jelarsa gajeriya, yana tsalle amma ba ya tashi. Wani babba toka-toka mai baki ruwan ɗorawa yana ta kuka a sama. Na sa shi a kwali ina ɗiga masa ruwa da madara. An ce tunda na taɓa shi uwarsa ba za ta karɓe shi ba. Yau ya yi laushi, hankalina ya tashi. Wane tsuntsu ne, kuma yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ƙarasa karanta wannan, ka daina ba shi ruwa da madara, ka mayar da shi inda ka ɗauko shi.

Bisa siffar da ka bayar, ina kyautata zaton ɗan tsuntsun da masana ke kira Turdus pelios ne, wanda ake samu daga Senegal har Habasha, ya gangara kudu zuwa Angola. Yana cikin dangin Turdidae, masu nau'i sama da 170, kuma kusan rabinsu a jinsin Turdus suke. Ban da Antatika babu nahiyar da ba sa nan. A Turai akwai Turdus merula, namijin baƙi wuluk da bakinsa ruwan lemo, da Turdus philomelos mai ɗaukar dodon-koɗi ya buga a kan dutse sai ya fashe. A Amurka ta Arewa akwai Turdus migratorius mai jan ƙirji. Babbansu a jinsin yana tsaunukan Andes na Amurka ta Kudu, ya kan haura santimita 30. Wannan dabbare-dabbaren da ka gani a ƙirji tambarin ƙuruciya ne a dangin, ko da iyayen ba su da shi.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗan tsuntsun nan ba maraya ba ne, kuma ba faɗowa ya yi ba. Uwar kan yi kwanci kamar mako 2, 'ya'yan su yi wani mako 2 a sheƙar ciyawa da laka, sannan su fito tun fukafukansu ba su yi ƙwari ba. Haka halittarsu take. Sheƙa wuri ɗaya ce, in maciji ko shaho ya gano ta sai ya kwashe su gaba ɗaya, amma in sun watsu cikin ciyayi da wuya a same su duka. Kwanaki kaɗan suke yi a ƙasa kafin su tashi, iyaye kuma na biye da kukansu suna kai musu tana, tsutsa da ƙwari har mako 2 zuwa 3. Babban da ka ji yana kuka a sama, kai yake yi wa ƙorafi.

Maganar cewa uwa na gudun ɗanta saboda warin hannun mutum kuwa, ƙarya ce tsagwaronta, kuma na gaji da jin ta. Masu bincike na ɗaukar 'ya'yan tsuntsaye a hannu, su auna su, su sa musu zobe a ƙafa, su mayar, iyaye su ci gaba da ciyarwa kamar ba a yi ba. Illar wannan jita-jitar ita ce mutum ya ɗauka ba shi da sauran hanya, sai ya riƙe tsuntsun har ya mutu a hannunsa. Su kuma masu ɗora bidiyo a Facebook da TikTok suna ɗura wa ɗan tsuntsu madara da sirinji, ba sa nuna maka yadda ya kwana. Ƙofar numfashin tsuntsu tana can gindin harshe, a buɗe. Ɗigo ɗaya in ya kauce sai huhu. Madara kuma cikinsu ba ya narkar da ita, gudawa take jawowa. Ruwan da yake bukata a jikin tsutsa yake samu. Burodi da hatsi ma ba abincinsa ba ne. Ko ka samo abincin da ya dace, wa zai koya masa tona ganye, da gane kukan gargaɗi in kyanwa ta matso?

Ka ajiye shi a inuwa ƙarƙashin ciyayi ko kan ƙaramin reshe, kusa da inda ka same shi. Ka kulle kyanwa da kare, ka hana yara zuwa wurin, ka koma nesa inda ba a ganinka na awa 1 zuwa 2, domin iyayen ba za su sauko ba muddin kana tsaye. Da tsirara yake, idonsa a rufe, da sheƙa zan ce ka mayar da shi. In kuwa ka ji numfashinsa na ƙara, ko fiffike ya saki, ko ka ga alamar haƙorin kyanwa komai ƙanƙantarta, ka sa shi a kwali mai ɗumi da duhu, kada ka ba shi komai, ka kai shi wurin likitan dabbobi yau ɗin nan.