Fitilar iskar taya ta ƙi mutuwa bayan an sauya taya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 2010, 'yar Amurka. Na sayi sababbin rim huɗu da tayoyinsu aka ɗaura mini. Tun ranar wata fitila ruwan ɗorawa, mai kama da tukunya da alamar motsin rai a tsakiya, take kamawa a dashbod. Mai faci ya ƙara iska har sau biyu, ba ta mutu ba. Mene ne abin yi?
Daga mai karatu a Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin a sake taɓa tayar, kunna makulli ka zuba wa fitilar ido. In ta kama ta tsaya cak, iska ce ta yi ƙasa a wata taya. In kuwa ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sannan ta tsaya, to ba maganar iska ba ce, motar ce ta daina jin sansa, wato 'yar na'urar da ke auna iska a cikin taya. Muna kyautata zaton taka ta biyun ce, don haka ƙarin iska ba zai yi mata magani ba.

Ga dalili. Tun Satumban 2007 doka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka wannan tsari na lura da iskar taya da ake kira TPMS. A irin motarka, kowace taya tana da 'yar na'ura a ciki, manne da gindin bawul, tana auna iska tana aika wa kwamfutar motar saƙo. Kowace da lambarta, kuma lambobin nan kaɗai kwamfutar ta sani. Da aka cire tsofaffin rim, akwai yiwuwar sansocin sun tafi tare da su.

Saboda haka fara da neman tsofaffin rim ɗin. In sansocin suna nan lafiya, a kwance su a mayar kan sababbin, shi ke nan, ba sai an yi rajistar komai ba. Sai dai a sauya robar da ke toshe gindin bawul da notin da ke riƙe shi, domin tsohuwar roba in an sake ɗaura ta takan riƙa tsiyayar iska a hankali. Notin kuma ba a yi masa ɗaurin ƙarfi, bawul ɗin alminiyom ne, yana karyewa.

In sun tafi, ko sababbin rim ɗin sun zo da nasu, akwai abu biyu. Na farko zangon saƙo: motocin Amurka irin taka da 315 MHz suke aiki, na Turai kuma da 433 MHz. Sansar da aka ciro daga motar Turai, ko sabuwa ce fil, motarka ba za ta ji ta ba. Na biyu rajista: dole mai duba mota da kwamfuta ya jona na'urarsa a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari ya shigar da sababbin lambobin. Maɓallin SET na cikin motar da mutane ke ta dannawa ba ya wannan aikin. Amfaninsa kawai ya sanar da motar yawan iskar da ka zaɓa, bayan an daidaita tayoyin.

Mai kwamfutar ya kuma karanta sansar kowace taya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi shiru, ko dai liba da guduma sun fasa ta wajen ɓalle taya, ko batirinta ya ƙare. Batirin yakan kai shekara 5 zuwa 10, kuma a rufe yake, ba a canza shi. Mota ta 2010 in har da sansocinta na asali take, gara a sauya huɗun gaba ɗaya. Duk wanda ya ce a liƙe fitilar da baƙin salatif, ka nemi wani.

Tambaya: Tawa Honda Accord ce ta 2014. Na sa tayoyi biyu na hannu a gaba, sai fitilar ta kama ta tsaya. An buɗe tayar ba a ga wata na'ura a ciki ba, mai faci ya rantse ba shi ya cire ba.
Daga wata mai karatu a Kaduna

Amsa: Hajiya, gaskiyarsa ce. Wannan ƙirar ba ta da sansa a cikin taya. Da na'urorin birkin ABS take lissafin juyawar kowace taya, saboda wadda iskarta ta ragu takan ɗan ƙanƙance ta fi sauran saurin juyawa. Da kin sauya taya, lissafin ya rikice, sai an sake saita shi.

Da safe, kafin a yi tafiya, a daidaita iskar duka huɗun da adadin da ke kan takardar da aka liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Sannan, mota na tsaye, a danne maɓallin TPMS har fitilar ta ƙyafta sau biyu, ko a zaɓi saitin daga allon motar in ba ta da maɓallin. Motar za ta kammala saitin da kanta bayan tafiyar da ta kai jimillar minti 30 a gudun kilomita 50 zuwa 100 a awa.

In fitilar ta dawo, a duba lambar girman tayoyin, irin su 215/55 R17. Tayoyin hannu sukan zo da bambancin girma ko na cinyewa, kuma wannan kaɗai ya isa ya tayar da fitilar. A kula da sanyin hunturu ma: duk raguwar zafi na digiri 5 zuwa 6 yana rage kusan psi 1 a ma'aunin iskar taya, shi ya sa tayar da dama iskarta ke kan gaɓa take kunna fitilar da asuba, ta mutu in rana ta ɗaga.