Amsa: daga ina sunayen taliyar Italiya suka fito?

Malama, kin tambaya ko sunayen da ke jikin ledojin taliya suna da ma'ana. Suna da ita, yawancinsu siffar taliyar ce kawai. Spaghetti daga kalmar Italiyanci mai nufin zare ya samo asali, penne kuma alƙalami, saboda an yanke bakinta a karkace kamar an fiƙe. Orecchiette ta yankin Puglia ƙananan kunnuwa ce, lotsawar da ake yi da ɗan yatsa ita ke riƙe miya.

Kada ki yarda da labarin cewa matafiyin nan Marco Polo ne ya kawo taliya Italiya daga Sin. Tun 1154 masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya ambaci sana'arta a tsibirin Sisili na Italiya, Marco Polo kuwa sai 1295 ya dawo gida.

Siffa ɗaya kan sauya suna daga gari zuwa gari, don haka in bincike kike yi, nemi masanin tarihin abincin Italiya.