Tambaya da Amsa: Me Ake Gani a Zanzibar Ban da Bakin Teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin kai iyalina Zanzibar, amma hotunan da nake gani duk na masu kwanciya a bakin teku ne. Ko akwai abin da magidanci da 'ya'yansa za su gani ban da wannan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ƙwarai, kuma shawarata ita ce ku fara da dajin Jozani, mai nisan kimanin kilomita 35 daga birnin Zanzibar, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 2004. A nan ne ake samun jan birin da mutanen wurin ke kira kima punju, wanda wannan tsibiri na ƙasar Tanzaniya ne kaɗai asalinsa a duniya. Ku yi sammako, lokacin da birran ke saukowa kan ƙananan rassa suna cin ɗanyen ganye, har yaro zai iya ganin farin gashin da ya kewaye baƙar fuskarsu. Sai dai a hana yara taɓa su ko miƙa musu abinci, domin cututtukan mutane suna kama su, kuma ba su da yawa. Kusa da nan akwai gadar katako da ta ratsa itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, inda ƙaguwa ke kai da komo a cikin taɓo.

A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwan teku yakan janye da nisa sau biyu a rana, sai mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku. Ku tambayi lokacin dawowar ruwan kafin ku yi nisa da yara.

A Kizimkazi, a kudancin tsibirin, ake fita kallon dolfin, wata dabbar teku mai kama da babban kifi, amma ina roƙonku kada ku hau kwalekwalen da ke bin dabbobin da gudu, don hakan yana firgita su ya hana su hutawa. Can ne kuma tsohon masallacin da rubutun bangonsa ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira yake.

Kada ku tsallake gonakin kayan ƙamshi, inda yara za su ga kanumfari, kirfa da masoro kafin a tsinke su. Ku nufi tsakanin Yuni da Oktoba, domin daga Maris zuwa Mayu ruwan sama yakan yi yawa.