Amsa ga mai son ɗaukar dusar ƙanƙara da duron

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya: ka samu gurbin karatu a Kayseri ta Turkiyya, ka sayi DJI Mini 2 na hannu, kana son ɗauko mana Dutsen Erciyes lulluɓe da dusar ƙanƙara, alhali ko sau goma ba ka tashi jirgin ba. Allah ya sanya alheri. Na je wurin, kuma na ji a jikina.

Mu a nan Birnin Kebbi zafi muka saba yaƙi da shi. Ranar ɗaukar biki a watan Afrilu har inuwa nake nema wa batir. To can sanyi ne ke cinye shi. Kamfanin ya rubuta minti 31, kuma ya ce jirgin na aiki ne daga digiri 0 zuwa 40, ka ga tun a takarda ba a yi shi don ƙanƙara ba. Ranar farko na bar batir uku a jaka muna ta hawa. Da na tashe shi, ina kallon 60 cikin ɗari, kafin in gyara hula ya koma ƙasa da 30, rimot na ta kuka, jirgin ya fara sauka da kansa kan gangare. Wallahi har gwiwa na nutse kafin in ɗauko shi. Tun daga ranar batir a aljihun ciki yake kwana, manne da jiki. In ka sa shi, bar jirgin ya tsaya cak a sama kaɗan kamar minti ɗaya ya ɗumama, kuma da ya kai 40 ka juyo gida. Ƙololuwar dutsen mita 3,917 ce, ko wurin da masu wasan zamiya ke taruwa ya haura mita 2,000. Iska ba ta da kauri a can, farfela sai ta ƙara gudu, batir ya ƙara ƙarewa.

Sai fari. Kyamara in ta ga fari ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, dusar ta fito toka-toka kamar tsohuwar shadda. Ka ɗaga EV, wato saitin ƙara ko rage hasken hoto, zuwa +0.7 ko +1, amma ka lura kada ya ƙone, don farin da ya ƙone ba kwamfutar da ke dawo da shi. Daidaita launi ma kada ka bar shi a otomatik, wurin inuwa shuɗi yake komawa. Ka sayi gilashin ND16 da ND32, su ne tabaran kyamara, da su za ka iya riƙe saurin ƙiftawar kyamara a 1/50 na daƙiƙa in kana ɗauka a firam 25 a daƙiƙa. Ni da hantsi ko bayan la'asar na fi so, lokacin inuwa ke fito da tudu da kwari. Tsakar rana kam farin zane kawai za ka kawo mana.

Abin da mutane ba sa faɗa: idon da ke cikin jirgin ta ƙasa, wanda ke taimaka masa ya tsaya wuri ɗaya, yana ruɗewa a kan shimfiɗaɗɗen fari, kamar yadda yake yi a kan ruwa. Wanda ya taɓa sauko da shi ƙasa-ƙasa a kogin Matan Fada na Argungu ya san yadda yake zamewa. Don haka kada ka yi ƙasa sosai, kuma ka tafi da baƙar tabarma ta tashi da sauka. Tsayin da jirgin ke hawa in zai koma gida da kansa kuwa daga inda ka tashi ake lissafa shi, in akwai tudu tsakaninku, kai tsaye zai tunkare shi.

Kafin ka tafi, ka ƙarar da batir ashirin a filin fadama, nesa da filin jirgi da jami'an tsaro, ka san halin da ake ciki. Ka koyi tafiya ɗaya a hankali, ba fizge-fizge. Batir a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a akwati ba, kuma ka karanta dokar duron ta Turkiyya tun kana gida. In ka gama ɗauka, kada ka buɗe jaka da shigarka ɗaki mai ɗumi, raɓa za ta kwanta a gilashi da cikin injin, ba ta awa guda tukuna. Ka turo hoton batiran ta akwatin saƙo in duba ko sun kumbura, tunda na hannu ne.